'Yan aji biyar sun tsaya gaban gari sun yi bayanin kogin Haɗejiya

Labarin ƙasa nake koyarwa a wata sakandaren gwamnati da ke ƙasar Haɗejiya, kuma babu abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a wannan aiki kamar in ga yaro ya zana kogin Nilu tun daga tafkin Biktoriya har inda ya faɗa Bahar Rum, ya jera madatsun da ke kansa, amma in an tambaye shi ta ina ruwan da ya cinye gonar babansa a daminar 2022 ya biyo, sai ya yi shiru. Yaron ba daƙiƙi ba ne. Abin da aka ɗora masa shi ya haddace. Littafin da ke hannunsa don WAEC da NECO aka rubuta shi, kuma kogin da ke bayan garinsu bai samu wani wurin kirki a ciki ba.

Wannan ne ya sa muka fito da wani tsari a makarantarmu: a ƙarshen zangon karatu na biyu, 'yan aji biyar masu ɗaukar labarin ƙasa su tsaya gaban mutanen gari su yi jawabi kan ƙasa da ruwa da yadda za a ci moriyarsu ba tare da an ƙarar da su ba. Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar nan ya san irin muhawarar da aka saba. Malami ya rubuta wa yaro jawabi da Turanci, yaro ya haddace, ya hau dandamali ya zazzago, duk inda ya furta kalma mai tsawo a yi tafi. Iyaye na zaune a baya suna murmushi, ba su ji ko ɗaya ba, shi ma mai maganar rabinta kawai ya fahimta. Ba irin wannan muke so ba.

Muka ce duk batun da rukuni zai ɗauka, dole ya zama abin da za a iya zuwa a gani da ƙafa ko da keke daga makaranta. Dole su zauna da wani dattijo ko dattijuwa da ya san wurin tun kafin a haife su. Kuma da Hausa za a yi jawabin, ba a riƙe da takarda, in an gama a tsaya a amsa tambayoyi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi tayar musu da hankali, domin waɗanda za su yi tambayar su ne dagaci, da sarkin ruwa, da ardon Fulanin da ke sauka a fadamarmu da rani, da matan da ke turara shinkafa, da masu bandar kifi. Duk mutanen da suka fi yaran sanin kogin da hannu da ƙafa.

Shugaban makaranta ya nuna damuwarsa, kuma yana da hujja: jarrabawa da Turanci ake rubutawa, me zai sa mu kashe makonni kan abin da ba zai fito ba? Na ce masa yaron da ya iya bayyana zaizayar ƙasa da bakinsa ga manomi, juya ta zuwa Turanci aikin yamma ɗaya ne. Wanda ya haddace ma'anarta kawai, da an sauya fasalin tambaya ya ɓata. Ya yarda, da sharaɗin kowane rukuni zai miƙa rubutaccen rahoto da Turanci daga baya. Wani dattijo kuma a kwamitin iyaye da malamai ya ce, "Malam, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Me waɗannan za su faɗa mana game da kogi?" Na roƙe shi ya zo ya zauna a gaba. Ya zo.

Rukunin da ya ɗauki kachalla shi zan fi tsayawa a kai, domin a nan abin da nake nema ya fito.

Wanda bai san yankinmu ba, kachalla wata doguwar ciyawa ce ta ruwa, tana fin mutum tsawo nesa ba kusa ba, ta cushe hanyoyin ruwa daga nan har Nguru. Inda ta kafu kwalekwale ba ya wucewa, ba a jefa birgi, ba a shuka shinkafa. A cikinta tsuntsayen janbaki ke kwana, su fito da safe su afka wa gero da dawa da shinkafa. Sauro na hayayyafa a ciki, haka ma katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya. Kowa a nan ya san sharrinta. Abin da ba kowa ya haɗa ba shi ne dalilin da ya sa ta mamaye wurin a zamanin iyayenmu, alhali kakanninmu sun san ta ne a matsayin 'yar ciyawar da ke gefen wasu tafkuna.

Yaran ba su yi amfani da allo ba. Da sassafe suka share tsakiyar filin makaranta, suka zana taswira a ƙasa da toka, taki ɗaya a madadin kilomita goma. Mutane suka zagaye ta a kan tabarmi da benci. Wani yaro siriri, ɗan masunta, ya tsaya a kusurwar kudu maso yamma da sanda a hannu, ya ɗora dutse a kan layin toka. Ya ce, "Ranka ya daɗe, iyayena, wannan dutsen shi ne madatsar Tiga, a kan kogin Kano, an gama ta a 1974." Ya matsa gefe ya ɗora wani: madatsar Challawa, 1992. Sai ya bi layukan biyu da sanda har inda suka haɗu kafin Wudil, ya taka a hankali ya wuce Ringim, ya iso Haɗejiya. Daga Tiga zuwa nan taki ashirin ne da ɗoriya, wato sama da kilomita 200. A nan layin tokar ya rabu gida-gida, domin ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa na ratsa tsakanin tsofaffin jigayin yashi: ga tsohon kogin Haɗejiya, ga Burum Gana, ga Marma da ke zuba a tafkin Nguru. Daga kudu kuma wata yarinya ta taho da nata layin, kogin Jama'are, wanda ya samo asali daga tsaunukan Jos ya ratsa jihar Bauchi. Suka haɗu da yaron kafin Gashuwa, suka tafi tare a matsayin kogin Yobe, ta Gaidam da Damasak, har tafkin Chadi, inda aka ajiye kwano da ruwa.

Na ga dattawan da suka shekara hamsin suna kamun kifi a wannan ruwa sun miƙe tsaye don su ga taswirar da kyau. Kowannensu ya san nasa yanki fiye da duk wani mai digiri, amma da yawa ba su taɓa ganin kogin gaba ɗaya a lokaci ɗaya ba.

Sai shugabar rukunin ta karɓa. Yarinya ce mai sanyin murya, wadda a aji sai an kira sunanta take magana. Ta fara da abin da kakarta ta gaya mata: a da, ruwa na zuwa ne da ƙarfi a watan takwas da na tara, ya malale fadama, sannan ya janye. Da rani kogi ya bushe ƙarƙaf, har a taka a ƙetare, yara su yi wasa a cikin yashinsa. Bayan ruwa ya janye a shuka wake da sauran amfanin da ke cin laimar ƙasa, shanu su sauko su ci ciyawar burgu, kifi ya taru a tafkuna a yi su. Ta ce wannan bushewar da muke gani kamar rashi, ita ce ke kashe kachalla duk shekara. Da aka gina madatsun, sai aka riƙe babban ruwan damina, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan har da rani saboda noman rani da ruwan shan Kano. Ruwa ya daina zuwa da ƙarfin da zai wanke hanyarsa, laka ta riƙa kwanciya, ƙasan kogi ya daina bushewa. Ruwa mara zurfi wanda ba ya ƙafewa, ga laka, shi ne ainihin abin da kachalla ke so.

Daga nan ta ɗauko wani kara na kachalla da suka yanko da safe, ta tsaga shi da reza, ta miƙa wa dagaci. Cikinsa kamar soso yake, ƙananan ramuka jere daga sama har ƙasa. Ta ce ta waɗannan ramuka iska ke sauka zuwa saiwar da ke cikin laka. Shi ya sa in an yanke ta a saman ruwa, ko aka banka mata wuta, sai ta sake tofowa. In kuwa aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, saiwar na rasa iska ta ruɓe. Karan ya zaga hannu zuwa hannu, kowa na kai shi kusa da ido. Wani tsoho ya sa baki ya hura ta gefe guda, ya ji iska ta fita ta ɗayan, ya gyaɗa kai.

Abu na ƙarshe da suka nuna shi ne yadda ruwa ke sauya hanya. Sun haƙa 'yan ƙananan kwatoci biyu da suka rabu daga guda, suka cusa ciyawa da laka a ɗaya, wani yaro ya tsiyaya ruwa daga buta. Ruwan ya taru a bakin wadda aka toshe, ya juya gaba ɗaya ya bi ɗayar har ya tumbatsa. Yarinyar ta ce haka ya faru da mu: wasu hanyoyin sun toshe, garuruwan da ke kansu suna kukan rashin ruwa, yawancin ruwan ya karkata ta Marma, mutanen wajen Nguru suna kukan gonakinsu sun zama tafki. Kogi ɗaya ne, kuka iri biyu.

Sarkin ruwa ne ya fara tambaya, kuma bai sassauta mata ba. Ya ce, "'Yata, kin yi bayani. To amma in madatsa ce ke riƙe ruwa, me ya sa a 2022 ruwa ya kusa cinye Haɗejiya, samari suka kwana suna cika buhuna da yashi? Ina riƙon?" Na ji gabana ya faɗi, domin ba mu bi ta kan wannan da su ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci, ta dubi taswirar. Ta ce, "Baba, madatsa tana da iyakar abin da za ta ɗauka. In damina ta yi ƙarfi ta cika, sai ruwan ya bi ta mafitarsa ya taho. Ga kuma ruwan da ke sauka a ƙasa da madatsar, wanda babu abin da ya tare shi. In ya iso nan, hanyar da zai bi ta cike da laka da kachalla, to ina zai je in ba gona da gida ba?" Sarkin ruwa ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza." Bai ƙara tambaya ba.

A shekarar 2022 ɗin ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki: Ringim, Miga, Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma, Guri. Yaran da ke tsaye a filin nan wasunsu sun kwana a ajujuwan makaranta da iyayensu a lokacin. Ba labarin wata ƙasa suke bayarwa ba.

Da hira ta yi zafi, wasu suka fara cewa Kanawa ne suka cuce mu, a fasa madatsun kowa ya huta. Sai wani yaro daga cikin rukunin ya nemi izini. Kawunsa manomin rani ne a Kura. Ya ce tumatir da shinkafa da alkamar da ake nomawa a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam da ruwan Tiga ake yi, kuma dubban gidaje ke ci daga nan. Ruwan famfon birnin Kano ma daga waɗannan koguna yake. Ya ƙara da cewa mu kanmu muna da namu noman ranin a wajen Auyo, da ruwan da ake sakowa daga can. Ya ce abin da rukuninsu ya fahimta shi ne a daidaita sakin ruwan: a riƙa sakin babban ruwa a lokacin da ya dace da damina don ya malale fadama ya wanke hanya, sannan a bar wasu hanyoyin su bushe na ɗan lokaci da rani. Ban koya masa wannan da waɗannan kalmomi ba. Daga bakin kawunsa da na kakar abokiyar karatunsa ya haɗa.

Kuma masana sun daɗe da faɗin haka. Tun 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamar Haɗejiya da Nguru, kuma binciken da aka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa in aka lissafa noma da kifi da itacen girki, ruwan da aka bari ya malale fadama yana ba da amfanin da ya fi na daidai wannan ruwa in aka kai shi babban aikin noman rani na sama. Wannan kafin a sa kiwo a lissafi, da kuma ruwan da ke nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyinmu. A 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, dausayin Baturiya ya biyo baya a 2008, saboda tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a nan. Duk waɗannan suna rubuce da Turanci a ofisoshi. Masuncin da abin ya shafa bai taɓa jin su ba, kuma mai rubutun bai san a wace kwana ce kwalekwale ke maƙalewa ba. Ɗan aji biyar yana iya karanta rahoton da rana, da dare ya ci tuwo kwano ɗaya da masuncin. A ganina wannan ne amfanin ɗan makaranta a garinsu tun kafin ya samu takardar shaida, kuma mun daɗe muna barin wannan amfani yana zubewa.

Rukuni na biyu da ya burge ni gawo suka ɗauka. Jagoransu yaro ne da kakansa ke fataucin dabbobi a kasuwar Maigatari, yana ƙetarawa har Magarya a Jamhuriyar Nijar. Tsohon ne ya gaya masa cewa da ka tsallaka iyaka sai ka ga gonaki cike da gawo, alhali can ruwan sama bai kai namu ba. Yaron ya bi diddigi. Bayan farin shekarun 1970, gonakin Maraɗi da Damagaram sun yi tsirara, iska na binne shuka da yashi, ana ta dashen itatuwa suna mutuwa. Wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki a Maraɗi ya lura a 1983 cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa duk shekara toho ne daga kututturan itatuwan da saiwarsu ke nan da rai a ƙasa. Maimakon a sare duka, sai a zaɓi reshe ɗaya ko 'yan kaɗan mafiya ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Can suna kiran wannan sassaben zamani. Manoma suka koya wa juna, har aka ƙiyasta ya kai kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da ƙasar da ta mutu ta hanyar haƙa ramukan taki.

Yaron ya zo da kututturen sabara mai toho da yawa, ya durƙusa ya nuna yadda ake datsewa da wuƙa mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ya yi bayanin abin da kowane manomi ya gani da idonsa: gawo na kakkaɓe ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore, dabbobi su taru a ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa suna zubar da kashi. Geron gindin gawo ya fi na fili, wannan ba sai an je makaranta ba.

Tambayar da ta fi nauyi daga wata dattijuwa ta fito. Ta ce, "Ɗan nan, in na bar itace a gonata ya girma, wa zai hana mai gatari ya zo da dare? Kuma in ni na sare reshensa don girki, wa zai hana a ce na karya doka?" Yaron ya amsa abin da ya sani: a Nijar abin bai kankama ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, kuma ƙauyuka suka kafa kwamitocin sa ido. Sauran amsar ba tasa ba ce, ta dagaci ce, kuma dagaci ya gane haka, domin shi ya karɓi maganar. Ardo ma ya sa baki kan sassaƙar rassa da makiyaya ke yi da rani. Suka ɗauki lokaci suna muhawara a tsakaninsu, yaron na tsaye da wuƙarsa. Ban katse su ba. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, jihohi 11 na arewacin Najeriya na ciki har da Jigawa da Yobe, kuma ina goyon bayansa. Amma itacen da ba a san mai shi ba, da wuya ya ga damina uku.

Ba duka jawaban ne suka yi armashi ba. Masu batun leda sun faɗi gaskiya, tana toshe kwata, tana kashe awaki, amma ba su zauna da ko mai shago ɗaya ba, don haka da aka tambaye su da me za a ƙulla manja da sukari, ba su da ta cewa. Wani rukuni ya jero muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa da ƙasashen duniya suka amince da su a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Satumba na 2015, da niyyar cimma su zuwa 2030. Sun haddace su tsaf, na 6 ruwa da tsafta, na 13 sauyin yanayi, na 15 rayuwa a doron ƙasa. Mutane suka saurara cikin ladabi, babu wanda ya yi tambaya. Muradun na da kyau, kuma duk abin da masu kachalla da masu gawo suka faɗa yana cikinsu. Bambancin kawai, waɗancan daga bakin kogi suka fara.

Masu tafkin Chadi sun samu gyara mai amfani. Sun ce a 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, bayan fari ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, wanda gaskiya ne. Amma suka rufe da cewa yana gab da ɓacewa. Wani tsoho da ya yi shekaru yana su a Baga ya ce a'a, tafkin nan yana tafiya yana dawowa, ya ga inda aka yi noma ya koma ruwa. Tsohon ne ke da gaskiya. Tafkin ba shi da zurfi, don haka ɗan ƙari ko ragin ruwa na sauya faɗinsa ƙwarai, kuma mafi yawan ruwansa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, ta kudu, namu kogin Yobe ɗan kaɗan yake ƙarawa. Yaran sun gyara rahotonsu, suka rubuta cewa daga bakinsa suka samu.

Akwai maganar 'yan mata da ba zan tsallake ba. Wasu iyaye sun ƙi 'ya'yansu su yi magana a gaban maza, kuma ban yi jayayya da kowa ba. Na je gidajen, na gaisa, na bayyana cewa a filin makaranta ne, da rana, iyaye mata na da nasu wurin zama, malamai mata na nan. Wasu sun amince, wasu ba su amince ba, waɗanda ba a bari ba suka yi aikin taswira da rubuta rahoto. Abin da na lura shi ne 'yan matan sun fi kawo bayanin da ba ya cikin littafi, domin su ke zama da kakanni mata, kuma mata ne suka san wace shekara rijiya ta fara ƙafewa da wuri, da nisan da ake yi yanzu kafin a samo itace. Mahaifin shugabar masu kachalla yana cikin waɗanda suka yi jinkirin yarda. Bayan taro ya same ni ya ce, "Malam, ashe haka take da magana?" Ya tambaye ni wane karatu ake yi a zama mai kula da ruwa.

Wannan tambayar tasa ta tsaya mini a rai, domin labarin ƙasa darasin zaɓi ne a babbar sakandare, kuma masu zaɓarsa raguwa suke yi. Yaro mai ƙoƙari ana tura shi likitanci ko lauya, wanda ba laifi ba ne. Amma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda ke riƙe da makullin Tiga da Challawa, mutane ne ke aiki a cikinta, kuma wata rana waɗanda ke ciki za su yi ritaya. Ina so a cikin masu maye gurbinsu a samu wanda ya taɓa tura kwalekwale cikin kachalla, wanda in ya ga adadi a takarda zai tuna gonar da adadin ke nufi. Taswirar bango da muke da ita ta tsufa har ba ta nuna Jigawa da Yobe, jihohin da aka ƙirƙira tun 1991, amma toka da filin makaranta sun rufa mana asiri.

Dattijon nan na kwamitin iyaye bai ce komai ba a ranar. Daga baya ya aiko jikansa da saƙo cewa akwai wata tsohuwar hanyar ruwa a arewacin gari da yaran ba su sa a taswira ba, wadda ta mutu tun yana saurayi, in suna so zai kai su ya nuna musu.

Yanzu mun yanka robobin ruwa mun yi ma'aunin ruwan sama, mun kafa ɗaya a makaranta, wasu a gidajen ɗaliban da ke ƙauyuka daban-daban, za su riƙa rubuta abin da ya sauka duk safiya in damina ta kama, mu kwatanta da hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon shekara. 'Yan aji huɗu da za su karɓa baɗi sun riga sun zaɓi batunsu: madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana maganar ginawa a kan kogin Jama'are a jihar Bauchi, da abin da za ta jawo wa mutanen Gashuwa da Gaidam in an kammala ta, da abin da mutanen Bauchi ke fatan samu. Na ce musu dole su ji ta bakin ɓangarorin biyu. Sarkin ruwa kuma ya nemi a ba shi yara biyu su bi shi a kwalekwale, su riƙa sa alama a takarda duk inda hanya ta toshe, don in za a kai kuka wurin hukuma a tafi da zane a hannu. Shugaban makaranta ya ce sai iyayensu sun sa hannu, kuma sai an samo rigunan kariya na shiga ruwa. Iyayen sun sa hannu, rigunan muke nema yanzu.